Buhun da Kawu Ya Jiƙa

Ni mai gyara ne, kuma gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini: ba duk abin da muka ce mun gyara ba ne ya gyaru. Shekara da shekaru ina da rumfa a bakin kasuwar Lazare a Yamai, tsakanin wani tela Bazabarme da mai sayar da tsofaffin tayoyi. Da rediyo na fara, na koma tele. Da na'urorin wasa suka fara shigowa daga Kwatano cikin kayan gwanjo, sai na zama gwaninsu, ko in ce mutane suka ɗauke ni gwaninsu. Su ne waɗannan da ake haɗawa da tele, yara biyu su riƙe manet a hannu su yi ta buga ƙwallo har su manta an aike su.

Akwai wata iri a cikinsu mai cuta guda, zafi. Waɗanda suka ƙera ta ba su san bazarar Yamai ba. Kai, ko a ƙasarsu ma an ce mutuwa take yi, shi ya sa suke jibgo mana ita. A cikinta akwai wani ɗan guntun abu da aka liƙa da dalma, ɗigo-ɗigo, ƙanana kamar ƙwayar gero. In ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce, sai dalmar ta tsage. Ranar da ta tsage, in ka kunna, maimakon koriyar wuta sai ja ta fito a gabanta, tele ya yi baƙi ƙirin. Gyaran gaskiya yana bukatar injin da zai cire tsohuwar dalma a zuba sabuwa, kuma a lokacin ko a hoto ban taɓa ganin injin nan ba. Abin da muke yi shi ne dafawa, haka muke ce masa tsakaninmu. Ka naɗe ta da tawul, ka toshe duk ƙofofin da take shan iska, ka kunna ka bar ta ta gasa kanta har dalmar ta yi laushi ta sake kamawa. In ta huce ka kunna, sai ga koriyar wuta, mai ita ya yi ta sa maka albarka. Wata ta yi wata biyu, wata sati guda, wata ko gida ba ta kaiwa. Duk mai gyara a garin nan ya san haka, kuma ba mai faɗa wa mai kaya.

Shekarar da nake magana a kai, damina ta yaudari mutane. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Bayan ƴan watanni, wata rana da azahar, muka ji harbi daga wajen Filato, unguwar da fadar shugaban ƙasa take. Tela ya tsayar da kekensa ya leƙo ya ce mini, “Maƙwabci, wannan fa ba tayar mota ba ce.” Kafin la'asar kasuwa ta watse, rediyo ba komai sai kiɗan soja, an yi juyin mulki. Mu dai ba a tambaye mu ba da na da suka hau, ba a tambaye mu ba da waɗannan suka zo. Abu guda na lura da shi, rediyo ya fara faɗin kalmar yunwa a fili, wadda a da kewaye ta ake yi. Faɗin bai sauko da kuɗin tiyar gero ba, kwanon awon yana nan yadda yake da tsada.

Cikin wannan hali Kawu ya iso. Ƙanen mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye arewa da Tawa. A hannunsa na tashi bayan rasuwar babana. Shi ya kai ni lakwal a bayan jakinsa, ya tsaya a ƙofar aji har ya tabbata ban bi ta taga ba. Dogo ne, marar yawan magana, kuma duk ƙauyen an san shi da shanun nomansa biyu. A wannan shekara ɗayan ya kwanta bai tashi ba. Ɗayan kuma ya kai shi kasuwa yana tangaɗi, mahauta suka saye shi a kuɗin da a shekarar ƙoshi ko rago ba zai saya ba. Ya auna wa matarsa, wadda muke kira Inna, ɗan hatsin da ya samu, ya ɗaure sauran kuɗin a lalitarsa, ya hau mota. Abin da ke cikin lalitar nan shi ne duk abin da ya rage masa a duniya.

A gidana na Bukoki ya sauka, ɗaki biyu, ni da maiɗakina da yara uku. Kwana uku ya yi ya ce shi ba zai iya zaman gida da mata yana cin tuwon da bai nema ba. Sai ya fara bina rumfa. Ya zauna kan benci, ya ɗora sandarsa a gwiwa, yana kallon hannuna. Duk wanda ya tsaya sai ya ba shi labarina. Na ji shi yana ce wa tela, “Wannan da kaka gani, tun shina ƙarami yake kwance mini rediyo. Na sha dukan shi, ashe arziki nike duka. Abin da ya taɓa duk sai ya tashi.” Ina ji ina sunkuyar da kai kamar ba na so, alhali kaina sai kumbura yake.

Tsallaken titi akwai wata rumfar zana inda wani saurayi ya ajiye tele da na'ura guda. Tun safe yara ke layi, kowa da ƴan silallansa. Kawu ya yi kwanaki yana kallon wurin. Rannan sai ya nuna da haɓa.

“Ɗana, wancan mi yaka saidawa?”

Na ce, “Ba ya sayar da komai, Kawu. Yara ke biya su yi wasa, in sun gama wasu su zauna.”

“Akwatin nan, mi taka ci?”

“Kuran kawai, wutar lantarki.”

“Ba ciyawa, ba dussa, ba a kai ta rijiya?”

Na yi dariya na ce babu. Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza gemunsa, sannan ya ce, “Ita ta dace da bana.”

Na ɗan hana shi, amma hanin da bai kai zuci ba. Na ce sana'ar yara ce, za su raina shi. Ya ce yaron da zai raina shi ba a haife shi ba. Ya kwance lalita a gabana, na duba, na ga ko kusa ba za ta sayi mai lafiya ba. A ƙarƙashin teburina kuwa akwai wata da na saya matacciya a wajen ƴan gwanjo. Kwana biyu kafin nan na kai ta gida na dafa ta da tawul ɗin maiɗakina, ta tashi, na goge ta tas tana ƙyalli.

Na daɗe ina ce wa kaina tausayi ne ya sa na fito da ita, wai gara ya samu ta wata biyu da ya rasa gaba ɗaya. Ƙarya ce, ko in yi wa kaina sassauci in ce rabin ƙarya. Gidana ma hatsi ya kusa ƙarewa, mutane ba sa kawo gyara a shekarar yunwa, kuma na ga kuɗi a buɗe. Sannan ga abin da ya fi wannan muni: mutumin da ya gama faɗa wa rabin kasuwa cewa abin da na taɓa duk sai ya tashi, na kasa buɗe baki in ce masa, Kawu, gyaran nan nawa na ƴan kwanaki ne.

Ya ce a yi ciniki yadda ake yi, ba wai don ni ɗansa ne ba. Ya kira tela ya zama shaida. Ya ɗauki na'urar ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa na kunna ya kara kunnensa ya saurari kukanta. Wallahi da tana da haƙora da ya buɗe bakin ya duba. A kasuwar dabbobi ta wajenmu akwai tambayar da mai saye ke yi kafin a tafa, a gaban shaida, kuma mai sayarwa ba ya tsallake ta. In dabba tana da aibi ka faɗa. In ka faɗa ya saya, ruwansa. In ka ɓoye, kai da Allah. Kawu ya ajiye na'urar, ya dube ni cikin ido.

“Tana da aibi?”

Na ce, “Lafiyarta lau, Kawu. Zafi ne kawai ba ta so.”

Ya yi murmushi ya ce, “To wa ke son zahi?” Ya miƙo hannu muka tafa, tela ya ce Allah ya sa albarka, muka shafa.

Don in rage wa zuciyata nauyi na haɗa masa da wani tsohon tele kyauta da manet biyu. Muka kafa rumfar zana a ƙofar gidana, na jawo masa waya daga ɗaki, maiɗakina ta ba da benci. Kafin sati yaran Bukoki sun gano wurin.

Kai, kwanakin nan sun yi daɗi, kuma su ne suka fi ci mini rai in na tuna. Kawu bai taɓa gane wasan ba. Shi dai masu jar riga da masu farar riga ya sani, kuma kullum bayan wanda ake ci yake bi. In yara suka fara musu, ba ya ɗaga murya, sandarsa kawai zai ɗan buga a ƙasa, wuri ya yi tsit. Da an kira salla zai kashe tele, ko da ƙwallo tana bakin raga, ya kora su masallaci suna ta ƙunƙuni. Suka riƙa ce masa arbit, wato alƙalin wasa, ya tambaye ni ko zagi ne, na ce a'a, girma ne, ya ce to ya karɓa. Iyayen unguwa suka fi son rumfarsa da sauran, don a wurinsa ba a zagi, ba a shan taba.

Na'urar kuwa, yadda yake kiwon sa haka ya yi kiwonta. Da safe ya share wurin ya yayyafa ruwa, ya goge ta da bakin rawaninsa. In rana ta take sai ka gan shi tsugune kusa da ita da mafici yana yi mata fifita, gumi na zuba daga gemunsa, shi ko a jikinsa. Da yamma ya miƙa wa maiɗakina na cefane, ta ce haba Kawu, ya ce, “Ɗiyata, karɓi, kar ki hana ni zama mutum.” In ta ƙi sai ta tsince su a ƙarƙashin faifai. Da sati uku suka cika ya auni gero da ɗan wake ya ba wani direban Tawa ya kai wa Inna. Ranar na ga haƙoransa duka a waje. Ya ce mini in abin ya ɗore zuwa kaka zai sayi ɗan maraƙi, ya fara daga farko, ai ba yau ya saba ba.

Ni kuwa kullum da safe, kafin in tafi Lazare, sai na ratsa ta rumfarsa wai gaisuwa, alhali wutar nake dubawa. Koriya. In ce alhamdu lillahi, yau ma ta kwana. Maiɗakina ba ta da ilimin na'ura, amma tana da ido. Wata rana ina cin abinci ta zauna nesa kaɗan ta ce, “Wannan ta Kawu, ba ita ce ka naɗe da tawul ɗina ba?”

Na ce, “Ke ina ruwanki da aikina?”

Ta ce, “Ba ruwana. Amma kuɗin san bawan Allah ne a cikinta.”

Na ture kwanon na tashi, na yi kwana biyu ba na yi mata magana. Haka nake, in an faɗa mini gaskiya sai in hau fushi.

Sai bazara ta kankama. Wanda bai yi bazara a Yamai ba kar ya ce mini ya san zafi. Ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa, ruwan famfo ya fito kamar an sauke shi daga wuta, kuran ya zo ya tafi ya dawo yadda ya ga dama. A ƙauyenmu, da kuma wajen direbobi, in ana son ruwa ya yi sanyi, buhun garara ake jiƙawa a naɗe tulu ko bido, wato jarka, da shi, iska na bugawa ruwan na sanyi. Kowa ya san wannan, da shi muka girma. Rannan da hantsi Kawu ya taɓa na'urar ya ji ta kamar dutsen guga. Fifita ba ta yi ba. Ya tuna abin da na faɗa masa a gaban shaida. Ya nemo buhu, ya wanke shi, ya matse shi sosai don kar ya ɗiga, ya naɗe ta da shi ruf, yara na cikin wasa. Ba a jima ba tele ya yi baƙi.

Da ƙafa ya zo, daga Bukoki har Lazare, cikin tsakar ranar nan. Ya cire rawaninsa ya naɗe ta da shi don kar rana ta taɓa ta, ya rungumo ta a ƙirji. Tun da nake ban taɓa ganin kan Kawu a buɗe a waje ba sai ranar, ashe duk ya yi furfura. Ya ajiye ta a teburina a hankali, leɓɓansa sun bushe, ya ce, “Ɗana, ta yi jan ido.”

Na san ranar nan za ta zo. Har na shirya abin da zan ce: Kawu, ka yi haƙuri, tun farko ba ta da lafiya, ni na cuce ka. Wallahi maganar tana bakina. Sai ya sa hannu a hammatarsa ya zaro buhun nan, da sauran danshinsa, ya ajiye kusa da ita. Kawu ba ya ɓoye abu. Ya ce, “Ga abin da na yi mata. Na ga tana shan wuya.”

Na dubi buhun, na ga mafita, na bi ta da gudu.

“Innalillahi! Kawu, me ka yi haka? Buhu? Jiƙaƙƙen buhu a kan kayan kuran? Wa ya ce maka tulu ce? Wa ya aike ka?”

Murya ta kai har wajen mai tayoyi. Mutane suka fara tsayawa. Ya ce a hankali, “Kai ka ce ba ta son zahi.”

“Na ce ba ta son zafi, na ce ka yi mata wanka? Abin da ba ka sani ba ba sai ka tambaya ba? Nan birni ne, Kawu, ba garke ba ne!”

Tela ya taso da almakashi a hannu ya ce, “Haba maƙwabci, haba. Kawunka ne fa.” Sannan na daina faɗan. Kawu ya ɗauki rawaninsa yana naɗawa, ya naɗa ya kwance, ya sake naɗawa. Mutumin da ya goya ni a bayan jaki, na tsige shi a gaban kasuwa a kan laifin da na san nawa ne.

Na ce ya koma gida zan duba. Da ya tafi na buɗe ta. A bushe take ƙayau, ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Tsohuwar cutar ce, tsagewar nan da na lallaɓa. Iyakar abin da buhun ya yi, ya toshe mata iska, ya gaggauta abin da zai zo ko da buhu ko babu, wataƙila da kwana biyu, wataƙila da sati. Abin da ya yi da buhu cikin tausayi, shi na yi da tawul cikin sani. Na zauna na daɗe ina kallon cikinta, ina jin tsanar kaina, amma ban tashi na bi shi ba.

Na sake dafa ta a ɓoye, bayan rumfa. Ta tashi. Na kai masa da yamma, ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya rufa mini asiri yadda na rufa masa. Daga ranar bai ƙara taɓa ta ba, ko gogewa ya daina, sai ya sa yara su kunna. Kwana huɗu ta yi. A karo na uku na bi ta da iska mai zafi ta abin busar da gashi, na yi ta yi har na ji ƙaurin ƙuna. Wannan karon ko jar wutar ba ta fito ba.

Na ce masa zan nemo wata. Da me? Kuɗin san sun daɗe da zama tuwo a cikinmu, ni da iyalina. Shi ma bai bar ni na ci gaba ba. Ya ce, “A'a. Hannun da ya kashe guda, kar a ba shi ta biyu.” Da kansa ya kwance zanar rumfar ya jingine ta a bango, ya naɗe wayar ya miƙo mini. Yara suka yi kwanaki suna zuwa suna tambaya, arbit yaushe za a buɗe, yana ce musu sai Allah ya yi.

Ya gwada ga-ruwa. Ya karɓi kura wajen wasu mutanen Tawa da ke unguwar, ya yi kwana biyar yana turawa, ƙirjinsa ya ƙi. Ya dawo zaman ƙofar gida. Abincinsa ya ragu, in an kawo sai ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi, a ba yara. Ya daina bina rumfa, kuma na san dalili, kunyar tela yake ji da mutanen da suka ji abin da na ce masa. Maiɗakina ta daina yi mini gori, sai dai ta dube ni, kuma kallon ya fi gorin zafi. Sau ɗaya ta ce, “Ka faɗa masa. Ba zai kashe ka ba. Mutumin nan ciwon abin yana cin sa.” Na ce gobe.

Na gwada sau guda, kar in yi wa kaina ƙarya. Muna dawowa daga sallar la'asar, mu biyu, na ce, “Kawu, maganar na'urar nan, akwai abin da…” Ya ɗaga hannu ya tare ni. “Bari, ɗana. Na san ka yi iya ƙoƙarinka, har sau biyu ka gwada tashin ta. Kar ka ƙara mini kunya.” Da na ce a'a, tsaya ka ji, da ya tsaya. Kalma biyu ce. Amma sai na ji wani sanyi a raina cewa shi ya hana ni, na bar maganar muka ƙarasa gida.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, labari ya zo an yi ruwan shuka a wajensu. Kawu ya ce zai koma. Na ce da me zai yi noman? Ya ce da abin da ubansa ya yi, da hauya. Maiɗakina ta ɗaure masa ɗan gari da sukari da tsofaffin kayan yara. Na raka shi tasha da sassafe, na saya masa tikiti. Na cusa masa ɗan abin da ke aljihuna, ya zaro ya mayar mini, ya ce in saya wa yara wani abu, ya ci nawa ya isa.

Ana kiran fasinja ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya jawo ni gefe, bayan wata mota.

“Ɗana, ban san ko za mu sake ganawa ba. Ina son ka yahe mini.”

Na ce, “Haba Kawu, me ka yi mini?”

“Ka ba ni abu lahiya lau, na lalata shi da jahilcina. Na ɓata maka aiki, na sa ka ɗaga murya cikin mutane, abin da ba halinka ba. Na zauna maka a gida na zama kaya. Ka ce ka yahe.”

Na ce ba komai, ya wuce. Ya ce a'a, ba haka ake yi ba, in faɗa da bakina. Direba na ta danna oda. Idanunsa sun kawo ruwa, hannunsa na matse nawa, yana jira. Ni kuma, Allah ya sani, na buɗe baki na ce, “Na yafe, Kawu.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi.” Ya saki hannuna ya hau mota da sauƙin jiki, kamar an sauke masa kaya.

Damina ta yi kyau a shekarar, ruwa har ya yi yawa. Ya nome gonarsa da hannu, shi da Inna, gonar da shanu biyu ke yi. Na yi ta cewa in kaka ta yi zan je da kaina, in zauna da shi a gindin bishiya in faɗa masa komai, in ya so ya ɗauki sandar nan ya rafka mini. Har na fara tara abin da zan sayi ɗan maraƙi in kai masa. Ana cikin yankan gero aka bugo mini waya. Ƙirjin ne. Kwana uku ya yi a kwance.

Na isa washegarin jana'iza. Bayan mutane sun ragu na shiga wajen Inna. Tana zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta rame, tasbaha a hannu. Na gaishe ta na yi mata ta'aziyya, ta yi mini. Sai ta fara ba ni labarinsa. Ta ce tun da ya dawo ba shi da zance sai nawa. Duk wanda ya zo sai ya faɗa masa yadda ɗansa na Yamai ya ba shi sana'a a hannu, shi kuma ya kashe ta da buhu, mutane su yi ta dariya, shi ma ya taya su, in sun tafi ya yi shiru. Ta ce ko a ciwon nan ya ce mata, shi dai ya gode Allah, yaron nan ya yafe masa kafin su rabu.

A nan na kasa. Na faɗa mata duka, tawul ɗin, da tambayar da ya yi mini a gaban shaida, da amsar da na ba shi, da yadda na buɗe na tarar ko ɗigon ruwa babu. Ina faɗa ina kuka kamar yaro, ban damu da matan da ke tsakar gida ba. Na ce, “Inna, ba shi ya kashe ta ba. Ni na cuce shi. Ki yafe mini.”

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba, tasbahar ce kawai ta tsaya a hannunta. Sannan ta dube ni ta ce, “Ni kaka faɗa ma? Ni mi zan yahe maka? Wanda ka yi ma shina nan wata da watanni, shina jiran ko gaisuwarka. Jiya munka rufe shi.”

Ta jawo mayafinta ta juya fuska wajen bango. Na zauna a wurin har aka kira azahar, ba ta juyo ba.